Kama da Wane Ba Ta Wane: Tarihin Idon da Aka Ara wa Kwamfuta

Shekarun baya, a wani ɗakin labarai da na taɓa aiki, an ɗora mini kwashe tsofaffin rahotanni daga wata tsohuwar manhaja zuwa sabuwa. Aikin ba ya buƙatar tunani: a buɗe rahoto, a kwafe, a liƙa, a danna maɓallin ajiya, a wuce na gaba. Da gajiya ta ishe ni, sai wani abokin aiki ya koya mini rubuta makro, wato ɗan jerin umarni da ke sa kwamfuta ta ja linzaminta ta danna maɓallai da kanta. Na yanko hoton maɓallin ajiya, na umarci makron ya danna duk inda ya ga irinsa a allo. Kwana uku yana aiki ina shan shayi. A rana ta huɗu na mayar da shi kan wata sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, sai ya tsaya cak, wai bai ga hoton ba, alhali ga maɓallin nan ɓaro-ɓaro a gabana. Aka ba ni shawarar in sassauta ma'aunin kama, na sassauta, ya ci gaba da aiki. Sai da yamma na gano ashe maɓallin da ke maƙwabtaka da shi, na soke aiki, shi yake ta dannawa tun safe. Aikin yini guda ya bi ruwa.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan sakacina. Amma da na bi diddigin yadda wannan fasaha ta faro, sai na ga kusan kowace irin gazawa da take yi tana da shekarar haihuwa. Tun da aka fara zana hoto a allon kwamfuta, ana ta ƙawata shi ne domin idon ɗan Adam, kuma kowace kwalliya da aka ƙara sai ta rage wa na'ura gani. Wanda ya san jerin waɗannan kwalliyar ya san inda zai fara dubawa ranar da makronsa ya makance.

Abin da na'ura ke kira gani

Allon da ya fi yawa a ofisoshi yau yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimla 2,073,600. Kowane ɗigo lamba uku ce, ta ja da ta kore da ta shuɗi, kowacce daga 0 zuwa 255. Maɓalli mai faɗin ɗigo 120 da tsayin 40 ya ƙunshi ɗigo 4,800. Abin da makro ke yi shi ne ya ɗora wannan ɗan samfurin a kusurwar allo, ya gwada lambobinsa da na ƙarƙashinsa, ya gusa da ɗigo ɗaya, ya sake gwadawa, har ya zagaye wurare sama da miliyan 1.8. Bai san maɓalli ba, bai san kalmar da aka rubuta a kai ba. Lissafin kama kawai yake yi.

Dabarar ta girmi kwamfuta. A 1929 wani injiniya ɗan birnin Biyana mai suna Gustav Tauschek ya yi rajistar wata na'urar karatu a Jamus. Tana juya faifai mai huje-huje da siffar haruffa a gaban rubutu, kuma idan hujin ya dace da harafin da ke takarda, wani ido mai jin haske sai ya shaida. Waɗanda suka biyo bayansa sun gane raunin wannan ido da wuri, don haka suka sauya rubutun ya dace da shi. Lambobin nan masu kusurwa da ke ƙasan takardar cak, waɗanda bankunan Amurka suka amince da su a ƙarshen shekarun 1950, an tsara su ne domin na'ura ta karanta. Haka ma salon haruffan OCR-A na ƙarshen shekarun 1960. A riƙe wannan a rai: mutanen farko sun gyara abin kallo ne domin na'ura. Allon kwamfuta kuwa akasin wannan hanya ya bi.

Lokacin da allo ke da layi da gurbi

A 1971 kamfanin IBM ya fito da allon 3270, wanda ma'aikatan bankuna da kamfanonin inshora da ma'aikatun gwamnati suka shafe shekaru suna magana da manyan kwamfutoci ta cikinsa. Samfurinsa da ya fi yaɗuwa yana da layi 24, kowane layi gurbi 80, kowane gurbi harafi ɗaya. A shekarun 1980, da ƙananan kwamfutoci suka fara kwaikwayon wannan allo, IBM ya samar da wata hanya mai suna HLLAPI wadda ke ba manhaja damar karanta abin da ke kowane gurbi da kuma aika dannin madannai. Daga nan sana'ar kankaro bayanai daga allo ta samo asali.

Mai rubuta irin wannan manhaja a lokacin yana da gata biyu da na yau ya rasa. Na farko, harafi yake karɓa, ba hotonsa ba: idan akwai "A" a layi na 5 gurbi na 12, "A" za a ce masa, babu kame-kame. Na biyu, allon yana faɗin lokacin da ya shirya. Muddin babbar kwamfuta tana aiki, madannai a kulle suke, akwai kuma alama a layin ƙasa da ke nuna haka, don haka manhaja tana iya jira har a buɗe. Sanin wuri da sanin lokaci, su ne abubuwa biyu da zamanin hoto ya ƙwace.

Makaho da linzami

A 1973 cibiyar bincike ta Xerox da ke Palo Alto ta ƙera Alto, kwamfutar da ke zana komai ɗigo-ɗigo. Macintosh ta kai wannan salo kasuwa a 1984 da allo mai ɗigo 512 da 342, baƙi da fari, sai Windows ta biyo a 1985. Ga ɗan Adam, wannan 'yanci ne: ga tagogi, ga gumaka, ga linzami. Ga manhajar da ke son sarrafa wata manhaja kuwa, gurbin nan mai lamba ya ɓace.

Amsar farko ita ce naɗar motsi. Windows 3.0 ta 1990 da 3.1 ta 1992 sun zo da wata ƙaramar manhaja, Recorder, mai haddace inda linzami ya je da abin da aka danna, sannan ta maimaita. Tamkar makaho ne da ya haddace takun gida: ashirin gaba, biyar dama, ga ƙofa. Ranar da aka gusar da kujera sai ya yi tuntuɓe. Idan taga ta buɗe a wani gefe, ko ta yi jinkirin buɗewa, dannin sai ya faɗa kan abin da ya tarar. Ba a sake sa Recorder a Windows 95 ba. Sai dai ta bar gado: har yau dole mai makro ya san daga ina ake ƙirga wuri, daga kusurwar allo ko daga kusurwar taga.

A 1999 Jonathan Bennett ya saki AutoIt domin sauƙaƙa girka manhajoji a kan kwamfutoci masu yawa, kuma a 2003 Chris Mallett ya fito da AutoHotkey daga wannan tsatso. Su biyun sun fi Recorder wayo, domin suna iya kiran taga da sunanta, su nemi maɓalli da lambar da Windows ta ba shi. Amma ba kowace manhaja ce ke amfani da maɓallan Windows na asali ba. Wasannin kwamfuta da manhajoji da yawa suna zana nasu, kuma ga mai tambaya daga waje, irin wannan taga fili ne fetal. Da rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Sai aka ƙara wa AutoHotkey umarnin ImageSearch, mai neman ɗan hoto a allo. A tsarinsa na asali sai kowane ɗigo ya dace daidai wa daida, sai dai mai rubutu ya ba shi izinin saɓanin launi, daga 0 zuwa 255.

Idon Sikuli

Lissafin da ya sassauta wannan tsauri ya biyo ta wata hanya da ba a zata ba. A 1995 J. P. Lewis ya wallafa hanya mai sauri ta auna kamannin hotuna biyu ko da haskensu ya bambanta, dabarar da aka yi amfani da ita wajen haɗa fim ɗin Forrest Gump na 1994. Kamfanin Intel kuma ya saki OpenCV a 2000, taskar kayan aikin gani da kwamfuta wadda kowa ke iya ɗauka kyauta, kuma irin wannan awo yana cikinta. Amsar da awon ke bayarwa ba "e" ko "a'a" ba ce, maki ne: 1 na nufin kama ta cika, kusa da 0 na nufin babu dangantaka.

Tun a 2002 manhajar Eggplant ta fara gwajin manhajoji ta hanyar kallon allonsu daga nesa. Amma abin da ya kai fasahar hannun kowa shi ne aikin da Tom Yeh da Tsung-Hsiang Chang da Rob Miller na jami'ar MIT suka gabatar a 2009. Sun raɗa masa suna Sikuli, kalmar mutanen Huichol na ƙasar Meziko da ake fassarawa da idon ubangiji. A Sikuli, hoton maɓallin kansa ake liƙawa a tsakiyar umarni: danna, sai hoto. Wanda bai taɓa koyon sirrin Windows ba yana iya rubuta makro cikin minti kaɗan. Sikuli ya sa 0.7 a matsayin mafi ƙarancin makin da zai karɓa, yana kuma jiran daƙiƙa 3 kafin ya ce bai gani ba. Daga baya Raimund Hocke ya ci gaba da rainonsa da sunan SikuliX. Al Sweigart ma ya samar da PyAutoGUI ga masu yaren Python, littafinsa na 2015 kuma ya yaɗa shi a tsakanin ma'aikatan ofis.

Kwalliyar da ta rufe ido

Yayin da ake wasa wannan ido, masu ƙera allo suna can suna nasu aikin. A 1998 Microsoft ya sanar da ClearType. Kowane ɗigo a shafaffen allo sanduna uku ne siri-siri, ja da kore da shuɗi, kuma ClearType yana kunna su daban-daban domin gefen harafi ya yi santsi. Ido yana ganin baƙin rubutu tsaf, amma idan aka ƙara girman hoton za a ga gefensa da ratsin launuka. Tsarin yana cikin Windows XP ta 2001, ya zama a kunne tun daga shago a Vista ta 2007, kuma ana iya daidaita shi daban a kowace kwamfuta. Sakamakon haka, kalma ɗaya a kwamfuta biyu ba lalle ta zama lambobi ɗaya ba. Vista ta kuma zo da tagogi masu gefe kamar gilashi, ta yadda launin gefen ya dogara ga abin da ke bayansa, har aka cire wannan ado a Windows 8 ta 2012.

Sai batun girma, wanda shi ne ya kayar da ni. Windows ta daɗe tana ɗaukar cewa ɗigo 96 ke cikin inci guda. Da alluna suka ƙara yawan ɗigo ba tare da ƙara faɗi ba, rubutu ya ƙanƙance, sai aka koma ƙara girman komai da kashi 125 ko 150 cikin ɗari. Maɓallin nan mai ɗigo 120 da 40, a kashi 125 ya zama 150 da 50, an kuma sake zana harufansa daga tushe. Mai kallo ba zai ga bambanci ba, amma samfurin da aka yanko a tsohuwar kwamfuta ba zai ƙara hawa kansa ba. Windows 8.1 ta 2013 ta ba kowane allo damar samun nasa girman, don haka jan taga daga allo zuwa allo kaɗai ya isa ya ɓata lissafi. A ɓangaren Apple, MacBook Pro ta 2012 mai allon Retina ta zo da ɗigo 2,880 da 1,800, inda kowane taku na linzami ya zama ɗigo biyu. Makro sai ya ga hoton daidai, amma ya kai danni ninki biyu na nisan da ya kamata.

A 2018 macOS Mojave ta kawo yanayin duhu, mai juya fari baƙi. A 2019 Catalina ta hana kowace manhaja ɗaukar hoton allo sai da izini, kuma wadda ba a ba izinin ba, hoton bango kawai take samu, babu tagogin sauran manhajoji. Wannan kariya ce ta gaskiya ga sirrin mai kwamfuta, amma ga makro, labule ne.

Akwai kuma aiki daga nesa. Kamfanoni da yawa suna ajiye manhajojinsu a wata babbar kwamfuta, ma'aikaci ya leƙa ta hanyar Citrix ko Remote Desktop. Abin da ke iso masa hoto ne, kuma sau da yawa ana matse shi domin ya yi saurin tafiya, matsin kuwa yana sauya launin ɗigo gwargwadon ƙarfin intanet. A irin wannan yanayi ne kamfanonin mutum-mutumin ofis, irin su Blue Prism da aka kafa a Ingila a 2001 da UiPath da ya faro a Bukares a 2005, suka ga tilas su riƙe neman hoto a cikin kayan aikinsu. Da UiPath ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a Afrilun 2021, wata guda bayan Microsoft ya ba masu Windows 10 Power Automate Desktop kyauta, abin da ya faro a matsayin dabarar masu wasa ya riga ya shiga ɗakunan lissafin albashi da na biyan kuɗi.

Tarkon sassauci

A nan haɗarin yake. Gazawa iri biyu ce, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Idan makro ya ce bai gani ba, ya tsaya, asarar ta lokaci ce. Idan ya ga abin da ba shi ba ya danna, asarar tana iya zama ta bayanai ko ta kuɗi, kuma ba ya ihu. Rage maki yana magance ta farko ne ta hanyar buɗe wa ta biyu ƙofa, gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Mai rubutun Hausa zai fi kowa gane dalili. A rubuta "kafa" a wani maɓalli, "ƙafa" a wani. Ga mai karatu, tazarar ma'anarsu ba kaɗan ba ce. Ga lissafin kama kuwa, bambancin 'yar lanƙwasa ce ta ɗigo ƙalilan a cikin 4,800. Firam ɗaya, launi ɗaya, girma ɗaya, don haka su biyun za su haye 0.7 nesa ba kusa ba. Haka maɓallan kowace manhaja suke: 'yan gida ɗaya ne, kamarsu ta fi bambancinsu yawa.

Bin sawu daga baya zuwa gaba

Waiwaye adon tafiya. Idan aka jera waɗannan shekaru, tsarin bincike yana fitowa da kansa, kuma maki ne ya kamata ya zo ƙarshe.

Da farko a sa makron ya ajiye hoton allon da shi kansa ya ɗauka a daidai lokacin da ya gaza, a buɗe a duba. Sau da yawa nan ake gama magana: hoton baƙi ne domin kwamfutar ta kulle kanta ko an naɗe tagar nesa, ko bango ne kawai domin ba a ba da izini ba, ko wani saƙo ya faɗo ya rufe maɓallin. Idan maɓallin yana cikin hoton, a auna faɗinsa a gwada da na samfuri. In sun bambanta, matsalar ta girma ce, sai a daidaita kason allo ko a sake yanko samfurin a kan wannan kwamfutar. In an ga hoton amma danni ya kauce, gadon Recorder ne ko na Retina: a duba daga ina ake ƙirga wuri, domin AutoHotkey, alal misali, daga tagar da ke gaba yake ƙirgawa sai in an sauya masa.

Bayan haka sai lokaci. Tun da babu alamar 3270 mai cewa an shirya, kada a dogara ga jiran daƙiƙa ƙayyadaddu. A sa makron ya yi ta dubawa har abin ya bayyana, da iyakar da in ta cika zai tsaya ya sanar. Sannan a dubi samfurin kansa. A ajiye shi a tsarin PNG, domin JPEG yana sauya launi wajen matsi. A yanke shi ƙarami, a kan abin da ya bambanta maɓallin da maƙwabtansa, a kuma janye linzami kafin a ɗauka, domin maɓallai da yawa suna sauya launi idan linzami ya hau kansu. A taƙaita yankin nema zuwa inda ake sa ran ganinsa. Sai duk wannan ya kammala za a taɓa maki, kaɗan-kaɗan, tare da sa makron ya tabbatar bayan kowane danni cewa abin da ake so ya faru. Da na sa wannan mataki na ƙarshe, da rahoto ɗaya na rasa, ba na yini guda ba.

Hanyar da aka share wa makafi

Akwai wani reshe na wannan tarihi da ya fi dukansu ban sha'awa. A 1997 Microsoft ya fito da Active Accessibility, tsarin da ke sa manhaja ta bayyana kanta: wannan maɓalli ne, ga sunansa, ga inda yake, a kunne yake ko a kashe. An yi shi ne domin manhajojin da ke karanta wa makafi allo. UI Automation ya gaje shi a zamanin Vista. Yau, makron da ya fi ƙarko shi ne wanda ke bin wannan hanya, domin girman allo ko launinsa ba su sauya sunan maɓalli. Shafukan intanet ma haka ne: Selenium, wanda Jason Huggins ya faro a 2004, tsarin shafi yake tambaya. Neman hoto na ranar da aka rasa mai amsawa ne.

A Oktoban 2024 kamfanin Anthropic ya nuna ƙirƙirarriyar basira mai kallon hoton allo ta zaɓi inda za ta danna, OpenAI ya biyo da tasa a Janairun 2025. Irin wannan ido ba ya ruɗewa don maɓalli ya ƙara girma, kuma yana karanta rubutun da ke kai. Sai dai masu shi da kansu sun yi gargaɗin yana kuskure, kuma shi ma hoto yake kallo ya yanke hukunci. Bukatar tabbatarwa bayan danni tana nan inda take.

Ni dai da na koma kan aikina washegari, na tarar sabuwar kwamfutar tana kan kashi 125. Na mayar da ita 100, makron ya ga maɓallinsa. Ina cikin murna sai abokin aikin nan ya leƙo, ya tambaye ni ko na duba jerin umarnin manhajar. Na duba. Ashe tun farko akwai gajeriyar hanyar ajiya ta madannai biyu, wadda ba ta buƙatar hoto ko linzami. Matambayi ba ya ɓata.